Yatsan da Mama Ta Riƙe

Ƙamshin turaren Auta ne yake riga ta shiga gida. Kowace Lahadi da misalin ƙarfe huɗu, bayan an tashi daga coci, an ci an sha an huta, sai Yaya ta ji ƙwas-ƙwas ɗin takalmi a baranda, sai kuma muryar nan mai zaƙi: "Ina Mamana? Ina tsohuwata ta kaina?" Tsohuwarta ta kanta! To madalla. Wadda ta kwashe fo ɗin tsohuwar tun da safe kuma ko oho.

Wata huɗu ke nan da Mama ta faɗi a bakin famfo. Likita ya ce hawan jini ne, ya shanye mata ɓarin jiki na dama, ya tafi da magana. 'Ya'yanta biyar. Yaya ce ta fari, maza uku a tsakiya, Auta a ƙarshe. Mazan kowa yana garin da aiki ya kai shi, gaisuwarsu ta waya ce. Auta malamar makaranta ce a can ƙarshen gari, ga miji ga yara ƙanana, kuma ita ke ba da waƙa a coci. Yaya kuwa tela ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun kama gabansu. Don haka ba a ma tsaya shawara ba. Kowa ya dube ta, ita kuma ta rufe shago, ta ɗauko keken ɗinki ta kafa shi a ɗakin Mama, jikin taga.

Wanda bai yi jinyar irin wannan ciwo ba, ya ja bakinsa ya yi shiru. A juya mutum duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo. A yi masa wanka a kwance, a shafa masa mai, a zare zanen gado daga ƙarƙashinsa. A ba shi abinci cokali-cokali, rabi ya shiga, rabi ya biyo gefen bakin da ya karkace. Ranar Talata wata ma'aikaciyar asibiti, wadda suke ce wa mai gashi saboda aikinta na gashin ƙashi, takan zo ta motsa wa Mama gaɓoɓi. Ita ta koya wa Yaya yadda za ta riƙa miƙe yatsun hannun da ya shanye, ta naɗe ɗan tawul ta sa a tafin don kada su ƙanƙame. Duk Yaya ta yi. Bayanta ya riƙe, hannunta ya yi kaushi da omo, ɗinkin mutane ya taru a kan kujera. Mama kuwa kallon da take yi mata bai wuce kallon da mutum yake yi wa agogon bango ba: yana nan, yana aikinsa, shi ke nan.

Amma bari Auta ta shigo. Nan take rabin fuskar da ke da rai ya washe. Auta ta zauna bakin gado, ta tattara haɓar zaninta kada ya taɓa robar gadon, ta ɗauko waƙa. Sai ka ji abin mamaki: matar da ba ta iya cewa "ruwa", ga ta tana bin waƙar da maƙogwaro, har wata kalmar takan fito sarai. Yaya tana tsaye bakin ƙofa da kwanon wanke baki, zuciyarta tana tafasa. Kishi take yi, kuma ta san kishi take yi. Mace mai shekara hamsin da biyu tana kishin yarinyar da ta goya a bayanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi cin ranta yatsa ne.

Tun suna yara Mama tana da yadda take yi musu addu'a. Da safe, kafin ta dafa shayi, takan zauna bakin gado ta buɗe hannun dama, ta riƙa kama yatsun ɗaya bayan ɗaya da hannun hagu, leɓɓanta suna motsi. 'Ya'ya biyar, yatsu biyar, kowa da nasa. Takan ce Allah ya san abin da ya sa bai ba ta na shida ba. Yaya ba ta taɓa tsayawa ta kalli addu'ar daga farko har ƙarshe ba, don a lokacin tana can tana shara ko tana yi wa ƙanne wanka. Kuma me za ta tambaya? Ko jariri ya san babban yatsa na babba ne, ƙaramin na Auta.

To tun da Mama ta dawo daga asibiti, hannun hagunta ba shi da wurin zuwa sai ƙaramin yatsan nan. Da safe yana can, da rana yana can. Ta lalubo shi a jikin tawul, ta riƙe gam, leɓɓa suna rawa, wani lokaci har hawaye ya gangaro cikin kunne. Ba ta matsawa zuwa na kusa da shi, balle ta kai ga babban. Yaya tana taka keke tana satar kallo, tana cewa a ranta: Auta, Auta, Auta. Me ya sami Auta? Miji ne ba ta da shi, ko lafiya? Ni da nake nan ina narkewa kamar kyandir, ko sau ɗaya hannun nan bai ɓata hanya ya zo kaina ba.

Wata Lahadi Auta ta zo da Fasto da mata uku daga cikin mawaƙa. Suka cika ɗakin, aka ture keken ɗinki gefe. Aka yi waƙa, Mama ta bi, matan suka kama share hawaye. Fasto, dattijo mai sanyin murya, ya ɗaga hannu ya ce, "Kai, Ubangiji yana cikin ɗakin nan. Ba ya barin nasa a cikin wahala." Wata daga cikin matan ta dafa Auta ta ce, "Ƙanwata, muryarki magani ce." Da za su fita ne suka tuna da Yaya. "Sannu da ƙoƙari, Yaya. Allah ya ba da lada."

"Amin," in ji ta, tana murmushin da bai wuce haƙora ba.

Da suka tafi ta mayar da keken wurinsa da ƙarfi har zare ya faɗo ya gangara ƙarƙashin gado. Ubangiji yana cikin ɗakin nan! Eh mana, ranar Lahadi da ƙarfe huɗu. Yakan shigo tare da Auta, ya fita tare da ita. Ranar Litinin da Mama ta ɓata gado sau uku, ina yake? Ranar Alhamis da abinci ya shaƙe ta har idonta ya firfito, Yaya tana dukan bayanta tana kiran Yesu, wa ya amsa? Tun yaushe rabon da ta durƙusa da kanta ta yi addu'a, ba ta ma iya tunawa. Ta riga ta yanke a ranta cewa yadda Mama take da 'yar gaban goshi, haka shi ma na sama yake da tasa.

Ranar Juma'a ta ɗauki waya ta kira Auta.

"Mai gashi ta ce a rage hayaniya," in ji Yaya. "Wai waƙar nan tana tayar mata da jini. A ɗan dakata da zuwa tukuna."

"Ko ni kaɗai, Yaya? Ba zan yi waƙa ba."

"Ke ce ma babbar matsalar. In ta gan ki sai ta hana kanta hutawa. Zan gaya miki in an samu sauƙi."

Ta ajiye wayar. Ba ta saba ƙarya ba, ita kanta ta yi mamakin yadda ta fito sumul.

Lahadi ta zo. Tun ƙarfe uku da rabi Mama ta kafa wa ƙofa ido. Yaya ta yi wanka, ta sa kaya masu kyau, har da ɗan turare. Ta ɗauko littafin waƙoƙi ta zauna bakin gado, daidai inda Auta take zama. Ta yi gyaran murya ta fara. To, Allah ya ba kowa rabonsa, kuma rabon Yaya a hannu yake, ba a maƙogwaro ba. Muryar ta fito kamar an ja tebur a kan siminti. Mama ta juyo ta dube ta da mamaki, sannan ta mayar da idonta ga ƙofa. Hannun hagu ya rarrafa ya kama ƙaramin yatsa. Yaya ta rufe littafin.

Lahadi ta biyu ma haka. Ranar Litinin da safe tana miƙe wa Mama yatsu kamar yadda aka koya mata, sai haƙurinta ya ƙare. Ta kamo hannun hagun ta ɗora shi a kan babban yatsa.

"Ga ni nan, Mama. Ni ma kin haife ni. Ko sau ɗaya, don Allah."

Mama ta dube ta. Hannun ya zame a hankali, ya wuce yatsu uku, ya koma inda ya saba. Yaya ta sake ɗauko shi. Ya sake komawa. Karo na uku Mama ta yi wani gurnani a maƙoshi, irin wanda take yi in an ba ta abin da ba ta so, ta fizge hannunta da ƙarfin da Yaya ba ta san tana da shi ba.

"Au, haka ne?" in ji Yaya. "To shi ke nan."

Tela ce, ba ta rasa ƙyalle. Ta yanko wani farin yadi, ta sa tawul a tafin hannun kamar kullum, sannan ta naɗe hannun gaba ɗaya tun daga wuyan hannu har ƙarshen farce, ta ɗaure da kyau. Ko allura ba za ta samu hanya ba. Ta gaya wa kanta cewa don kada yatsun su yi sanyi ne. Ko ita ba ta yarda da kanta ba.

Mama ta yi ta lalube. Ta shafa ƙyallen ta sama, ta shafa ta ƙasa, ta ja ƙullin da farce, ta kai shi baki za ta ciza. Yaya ta juya mata baya tana taka keke da ƙarfi don kada ta ji nishin. Da rana ta kawo dankali da ta dama da romo, ta kai cokali. Mama ta datse baki. Yaya ta lallashe ta, ta yi faɗa, ta sake lallashi. Ko ɗigo. Da yamma ta gwada madara mai ɗumi, Mama ta kau da kai ga bango.

Ranar Talata mai gashi ba ta zo ba, ta aiko cewa an tura ta wani wuri. Mama ba ta ci komai ba, ruwa ma sai da Yaya ta ɗiga mata da cokali. Leɓɓanta suka bushe, idon ya faɗa. Ta daina lalube, hannun hagun yana kwance a kan ƙyallen kamar na mai jiran a buɗe masa ƙofa. Tsoro ya kama Yaya, tsoro na gaske. Ta san in ta kwance ƙyallen hannun zai tafi wurin Auta a gaban idonta, in ta bar shi kuma tsohuwa za ta iya tafiya gaba ɗaya. Sau biyu ta kai hannu kan ƙullin, sau biyu ta janye. Kishi mugun ciwo ne, mai shi yana ganin rami yana ƙara matsawa. Ta durƙusa gefen keke za ta yi addu'a, abin da ya fito daga bakinta kawai shi ne, "Kai ma ai nata ne." Ta tashi ta tafi wanki.

Laraba da hantsi tana shanya zannuwan gado a bayan gida, sai ta ji an turo ƙofa. Babu turare, babu ƙwas-ƙwas. Auta ce da silifas, alli a gefen hannun rigarta, ta baro aji.

"Yaya, na haɗu da mai gashi jiya a bakin hanya. Ta ce ita ba ta taɓa cewa a hana ni zuwa ba."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaya ta yar da zanen cikin bokiti.

"Ni na faɗa. Sai me?"

"Me na yi miki?"

"Me kika yi mini? Ba ki yi komai ba, ai shi ne abin! Ba kya yin komai, amma komai naki ne. Ki zo awa ɗaya ki yi waƙa, a ce muryarki magani ce, a ce Allah ya sauko. Ni kwana shida ina cikin kashi da fitsari, ko kallon arziki ban samu ba. Wata huɗu tana riƙe da yatsanki, Auta! Dare da rana ke take kai wa gaban Allah. Na ɗora hannunta a kan nawa da kaina, ta fizge kamar na ɗora shi a kan wuta."

Auta ta tsaya da baki buɗe. "Yatsana? Wane yatsan?"

"Kada ki raina mini hankali. Ƙaramin mana."

Sai Auta ta yi wata irin dariya marar daɗi, hawaye suna zubo mata. Ta zauna a kan wani bokiti da aka kife.

"Yaya, ke da wa kuka raba yatsun? Daga ƙaramin Mama take farawa. Haka take ƙirga komai, ko ƙwai ne. Wa ta fara haifa?"

Auta ta nuna kanta.

"Ni ce babban yatsa, ni ce ta ƙarshe. Ni da nake zaune a cinyarta kowace safiya ina jin abin da take raɗawa, ni za ki gaya wa? Sai ta daɗe a kanki har in fara gyangyaɗi. Ta bi ta kan yayyena maza a gurguje. Kafin ta iso kaina ruwan shayi ya tafasa, sai ta ce, 'Wannan kuma ga ta nan, ka gan ta,' ta ture ni ta tashi. Tun ina shekara shida nake jin haushin yatsan nan naki. Yanzu ma duk Lahadin da na zo ina waƙa, ido yana kaina, hannu yana kanki. Kina tsammani ban gani ba? Fara'ar da take yi mini ai ta baƙo ce. Ranar da na ce zan ba ta abinci, ba a gabanki ta rufe baki ba sai da kika karɓi cokalin?"

Haka aka yi kuwa. Yaya ta tuna. A lokacin ta ɗauka Mama ba ta son Auta ta ɓata kayanta ne.

"Me take cewa?" in ji Yaya. "A kaina. Me take cewa?"

"Magana ɗaya, kullum. 'Ubangiji, wannan ba ta faɗin ciwonta. Ni ma ba ta gaya mini. Ka zauna kusa da ita, kada ka matsa.' Sai ta yi ta maimaitawa."

Yaya ta dubi hannuwanta da suka yi fari da ruwan omo. Wata huɗu. Tana juya Mama, tana zare zanen gado, tana taka keke tana ƙunƙuni, ashe a bayanta, taku biyu kacal, tsohuwar da ba ta iya neman ruwan sha tana riƙe da ita a gaban Allah ba ta saki ba. Ranar Litinin ɗin nan, da ranar Alhamis ɗin nan da take tambayar ina Ubangiji yake. Ita kuma ta yanko yadi ta ɗaure.

"Wayyo ni," ta ce. Ta kwasa da gudu, Auta ta bi ta.

Mama tana kwance fuskarta ga bango. Da Auta ta ga farin ƙyallen ta buɗe baki za ta yi tambaya, ta dubi Yaya, ta fasa. Yaya ta durƙusa ta kama ƙullin. Da ma ta ɗaure shi da kyau, ɗaurin tela, ya ƙi kwantuwa. Auta ta miƙo mata almakashi daga kan keke. Ta yanke, ta warware yadin zagaye bayan zagaye, hannun ya fito da shatin ɗauri a jikinsa.

"Mama, ki yafe mini. Ni ce. Ga shi."

Mama ta juyo da kai. Ta ga Auta, rabin bakin ya ɗan motsa kamar zai yi murmushi, ƙarfin bai kai ba. Hannun hagu ya taso daga kan bargo. Ya sauka a kan babban yatsa, ya ɗan shafa shi sau ɗaya.

"Kin gani ko?" in ji Auta tana jan hanci. "Ga ta nan, ka gan ta. Rabona ke nan."

Hannun ya wuce. Ya lalubo ƙaramin yatsa, ya riƙe. Busassun leɓɓan suka fara motsi. Yaya ta kifa goshinta a bakin katifa, ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da Mama ta faɗi, har kafaɗunta suna girgiza. Ba ta nemi kalmomi masu kyau ba. "Ashe kana nan," kawai take cewa. "Ashe kana nan. Bayana yana ciwo, Ubangiji. Na gaji. Ina jin tsoro." Duk ciwon da ba ta faɗi, ta zauna ta faɗe shi ɗaya bayan ɗaya.

Mama ba ta warke ba, bakin yana nan a karkace, zannuwa suna can cikin bokiti suna jiran shanya. Auta ta shiga kicin ta ɗumamo madara, ta kawo, ta tsaya da kofin a hannu.

"Ungo," ta ce wa Yaya. "Ni in na ba ta ba za ta sha ba."

Yaya ta share fuska da haɓar zani, ta tallafo kan Mama, ta kai cokali bakinta. Mama ta dube ta, irin kallon nan dai na kullum, na abin da aka san yana nan. Ta buɗe baki ta karɓa, ba ta saki yatsan ba.